Kwana Arba'in na Sabo

Gidan Bawa, ta Yekuwa. Bayan shukar farko.

Zuwa ga taubashina Isufu tela, bakin tasha, Magariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nazifa da yara. Mu nan lafiya lau, sai dai Inna da idonta ya ƙara yin hazo, yanzu da murya take gane mutum. An yi ruwa biyu, mun shuka gero, wake sai an ƙara.

Na san za ka ce wace Hinda kuma, tunda rabonka da garinmu tun bikin Sadiya. To ni ce, jikar ƙanwar kakanka, wadda ka fasa wa tulu a bakin rijiya ka ruga. Har yau ban yafe ba. Kada ka yi mamakin takarda. Rezon waya a garin nan ba ya kamawa sai an hau tudu, wayar kuma ta aro ce, mai ita yana tsaye a kanka har ka gama. Maganar da zan yi ba ta kunnen gari ba ce. Shekara shidan da na yi a lakwal ina karatun boko yau ga ranarta. Mutari direba zai kawo maka, shi za ka ba amsa.

Maganar Yaya Sabo ce. Wani mutumin garinmu ya kai awaki kasuwarku, ya dawo ya ce ya gan shi yana turin baro, ya rame ya yi baƙi, yana tari har sai ya dafa bango. Wai a rumfar bayan tasha yake kwana, shi da wasu marasa gida. Isufu, ɗan Inna na fari, a rumfa!

Kai kana Damagaram koyon ɗinki sa'ad da abin ya faru, ban san yadda aka ba ka labari ba. Shekara tara ke nan. An gama tara hatsi, ya laɓe bayan rumbu yana shan tabarsa don kada Baffa Mahamadu ya gan shi. Ya ji takun Baffa, ya jefar da guntun bai take ba. Rumbu uku suka ƙone, biyu namu, ɗaya na Baffa. Shekarar nan da tafasa muka kai damina. Baffa ya zage shi tas a gaban jama'a, ni ma na taya shi, ban ɓoye maka ba. Shi kuwa ya shiga masallaci ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai sake taka garin nan ba sai ya yi kwana arba'in cur bai sa taba a bakinsa ba. Muka ce wata biyu zai dawo. Matarsa ta jira shekara, ta koma gidansu.

Ka nemo shi, don Allah don Annabi. Ka duba tarin nan da idonka, ka faɗa mini gaskiya. So nake ya dawo gida da ƙafarsa kafin tarin ya kayar da shi. Inna ba ta san zancen rumfa ba, ce mata muke yana fatauci.

Taubashiyarka,
Hinda.

*

Magariya, ranar Laraba.

Zuwa ga Hinda mai dogon riƙo.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, Nazifa tana gaishe ki, a gaida Gwaggo Fadi, Allah ya ba ta sauƙin ido. Tulun nan dama fasasshe ne, duk Gidan Bawa sun sani.

Na same shi. Kunya ta kama ni, Hinda. Tsakanin shagona da rumfar nan bai kai jifa biyu ba, shekara biyu yana nan ban sani ba. Shi ya gane ni tuntuni, shi ya sa ba ya bin ta gaban shagon ko da kaya ya nufo nan, sai ya zagaya ta wajen masu goro.

Su bakwai ne a rumfar. Kwali ne shimfiɗa, buhu ne mayafi, in ruwa ya zo da iska sai su tashi tsaye su jira ya wuce. Babbansu wani Laminu ne, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da ido ɗaya ya mutu aka karɓe masa mota. Na je da sassafe na tarar da su sun zauna sun yi da'ira bayan sallah. Laminu ya kunna karan taba ɗaya, ya zuƙa sau biyu, ya miƙa wa na damansa, haka har ya zagaye su duka. Suna ce masa zagaye. Na ce a raina, kai, talauci bai yi ba, kara ɗaya mutum bakwai. Da rana kuma kowa ya samu ya saya kara-kara, wanda bai samu ba ya tsinci guntun da fasinja suka yar.

Na ja shi gefe na ce, "Yaya Sabo, wai me kake ji a cikinta?"

Ya ce, "Kai da ka karya da koko da ƙosai ba za ka gane ba. In cikina ya fara kira, ita ke rufe masa baki har azahar. In kuma tunanin gida ya taso, me zan kunna in ba ita ba?"

Ya ce ya gwada bari ya fi sau ashirin. Zare yake ɗaurawa a wuya, kowace rana ƙulli ɗaya. Mafi tsawon da ya taɓa kaiwa goma sha ɗaya, ranar wani mai kaya ya mare shi a gaban mutane, ya je ya saya. Duk sanda ya sha sai ya tsinke zaren ya sake daga ɗaya, don ya ce da Alƙur'ani ba a yin wayo.

Tarin ba na wasa ba ne. Na kai shi likita, wato asibiti, da ƙyar da lallashi. Majo, mai duba marasa lafiya a wurin, ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya dawo da kakinsa a gwada, a ɗauki hoton ƙirji, ya kuma bar hayaƙi tun yau ba gobe ba. Da muka fito Sabo ya ce sai ranar da babu aiki zai koma. Kin san ranar nan ba ta zuwa.

Da na ce masa Gwaggo yanzu da murya take gane mutum, ya zauna a kan baronsa ya rufe fuska da hula. Ƙato da furfura a gemu. Can ya ce gobe zai ɗaura sabon zare. To ga inda muke.

Naki,
Isufu.

*

Gidan Bawa, ranar Asabar.

Isufu,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna da sauƙi. An ƙara ruwa, mun sa wake.

Na karanta takardarka sau uku, na yi kuka, daga baya kuma raina ya ɓaci. Kai da nake ganin kana da wayo! Ta yaya mutum zai bar taba alhali kowace safiyar Allah ana miƙo masa ita a hannu? Ko waliyyi ne sai ya zuƙa. Sabon zare, sabon zare, shekara tara ana ƙulla zare kamar masaƙi. Ba zare ne matsalarsa ba, waɗannan mutanen ne. Wannan Laminun mai ido ɗaya, shi ya riga ya lalace, so yake ya samu abokan lalacewa.

Ka raba shi da su. Ka nema masa wani wuri inda ba zai ji ko warin hayaƙi ba, kuma kada su san inda yake, in ba haka ba za su bi shi da ita har can. In ta kama ka yi ƙarya ka yi, zunubin a wuyana. Kwana arba'in ne kawai, ba shekara ba.

Ga ƙullin garin gero da ƙuli-ƙuli, da aya, da asuwaki mai ɗaci dami guda. In bakinsa ya nemi abu ya tauna. Ka duba da kyau, in ayar ta ragu Mutari ne, na san halinsa.

Kuma kai ma kada ka tsaya kana masa dariya irin taka. Ka ɗaure fuska.

Hinda.

*

Magariya, ranar Talata.

Ranki ya daɗe, mai ba da oda daga ƙauye.

Muna lafiya. Ayar ta iso ta ragu kaɗan, Mutari ya ce ɓera ne.

Na yi yadda kika ce. Akwai wani alhaji da nake wa ɗinki, yana da kango can bakin gari, bayan gonakin gyaɗa. Ɗaki ɗaya an rufa masa kwano, ba ƙofa dai. Na ce ina da mai gadi, ya ce bismilla. Na kai Sabo can da tabarma da jarkar ruwa, na hana shi shiga kasuwa, don in ya shiga za su gan shi. Ni nake kai masa abinci safe da yamma a kan moto, ɗan babur ɗina.

Washegari Laminu ya zo shagona yana tambaya. Na ce masa Sabo ya tafi gida, ya bi motar Mutari. Ya kafe ni da idon nan nasa ɗaya ya ce, "Ba sallama?" Na ce sauri ne. Ya ce, "To, Allah ya kai shi lafiya," ya juya. Na ce a raina ai don alheri ne.

Yanzu ga albishir, ki ba ni goro. Yau ƙulli goma sha biyu! Bai taɓa kaiwa nan ba. Amma fa na sha wuya. Kwana ukun farko hannunsa rawa yake kamar mai jin sanyi, ba ya barci, ya zage ni ya zagi kekena na ɗinki har da wanda ya ƙera shi. Asuwakinki ya taune rabi. Rana ta biyar na iske shi yana bin ƙasa da ido a bakin hanya, ko wani ya yar da guntu. Da ya gan ni ya yi tsaki ya koma ciki. Yanzu ya fara jin ɗanɗanon abinci, jiya har ya ce miyar Nazifa gishiri ya yi yawa.

Tarin da rana ya ɗan lafa, sai dai gumi da yake yi, da safe rigarsa sharkaf. Na ce mu koma likita, ya ce in ya bi ta tasha warin zai kayar da shi, a bari ya ƙara ƙarfi. Abin da yake kuka da shi ɗaya ne, wai wurin ya yi shiru da yawa. Ya ce, "Ko tarin wani ba na ji." Na ce ai shi ake so.

Jibi zan je Dungas, surukina ba lafiya, Nazifa da yara sun riga sun tafi. Kwana uku ne in dawo. Zan bar masa gari da ƙuli da ruwa jarka biyu. Ban gaya wa kowa inda yake ba, kamar yadda kika ce.

Isufu.

*

Gidan Bawa, ranar Juma'a.

Isufu,

Ina gaisuwa, in kana da lokacin amsawa.

Kasuwa biyu ke nan Mutari yana dawowa hannu wofi. Na farko ya ce shagonka a rufe. Na biyu ya ce ya hango ka a kan moto ka wuce shi fuu ko ɗaga hannu babu. Kwana uku ka ce. Ni ba yarinya ba ce, na san ma'anar wannan shirun. Ya koma, ko ba haka ba? Ya tsinke zaren, kai kuma kunya ta hana ka rubutu.

Ka san abin da ka ja mini? Da na ga ƙulli goma sha biyu ban iya riƙe bakina ba, na gaya wa Inna yana tafe kafin a fara cin tumu. Ta sa an share ɗakinsa, an yi masa sabon yaɓe. Kullum da yamma sai ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, in ta ji ƙarar moto ta ce wa ke nan. Yanzu da wane baki zan ce mata ɗanta ya zaɓi hayaƙi?

In ya koma, ka gaya masa in ji ni, kada ma ya wahalar da kansa. Na gaji. Ya zauna da Laminunsa, su ne uwarsa su ne ubansa.

Ka ba ni amsa ko layi ɗaya ne.

Hinda.

*

Magariya, ranar Lahadi.

Hinda,

Assalamu alaikum. Yau babu wasa a bakina. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa. Yana da rai, wannan na fara faɗa miki. Yana kwance a likita.

Bai koma ba. Ko sau ɗaya bai sha ba. Yau ƙulli talatin da ɗaya. Saƙonki ban isar masa ba, kuma ba zan isar ba.

Na je Dungas na tarar jikin surukina ya yi tsanani, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Na tsaya sadakar uku. Ranar da zan taso aka yi ruwan da ya yanke hanya, mota ba ta wucewa, moto ma sai an ɗauke shi a ka. Kwana takwas na yi. Wa zan kira ya duba Sabo? Ba wanda ya san yana can sai ni. Ina isowa na wuce kangon kai tsaye. Ba kowa. Jarka ɗaya cike take ba a taɓa ta ba, tabarmar kuma duk jini ya bushe a kanta.

A likita na same shi, ana masa ƙarin ruwa. Wanda ke zaune a gefensa yana kore masa ƙuda Laminu ne.

Ga yadda aka yi. Zazzaɓi ya kayar da shi kwana biyu bayan tafiyata. Ya yi ta tarin jini, har ya kasa jan jiki zuwa inda jarka take, taku huɗu. Kwana huɗu yana kwance haka. Shi kuwa Laminu tun farko maganata ba ta kwanta masa ba, don kullum yana ganin baron Sabo a ɗaure da sarƙa jikin dalbejiyar ƙofar kasuwa. Ya ce ɗan dako in zai tafi gida sayar da baronsa yake, ba ya barinsa ruwa ya ci. Ya tare Mutari ya tambaye shi, Mutari ya ce shi bai ɗauki Sabo ba. Sai suka bar aiki su shida, suka raba gari, kango-kango, kwana biyu suna nema. A kan baronsa suka turo shi har likita.

Na yi zaton Laminu zai zage ni. Da ma ya zage ni. Ya fito da ni waje ne ya ce:

"Tela, kana zaton don daɗin taba muke zagayen nan? Kara ɗaya mutum bakwai, me za ka ji a ciki? Kai in ba ka tashi da safe ba matarka za ta ɗaga labule. Mu wa zai ɗaga mana? Shi ya sa muke zama. In kara ya iso gurbin mutum ba hannun da zai karɓa, kashe shi ake yi, a tashi a nemo shi. Haka muka tsinci Nazir a cikin kwata bara, da sauran numfashi. Imran da kake gani a cikinmu bai taɓa sha ba tunda aka haife shi, karɓa yake ya miƙa gaba. Da ka ce mana Sabo bari yake son yi, da mun zaunar da shi kusa da Imran. Kai kuwa sai ka ce ya tafi gida, muka rufe gurbinsa."

Ni na yi ƙaryar da bakina, kada ki ce zunubin a wuyanki, tare muka ɗauka.

Lokotoro, babban likitan, ya ce tarin fuka ne, ya daɗe a jikinsa, ya kama huhu ɓangare biyu, abin da ya rage kuma hayaƙi ya gama da shi. Sun fara ba shi magani, suna iyakar ƙoƙarinsu. Amma ya ja ni gefe ya ce in yana da 'yan'uwa a sanar da su. Kwanakin da ban rubuto ba ina nan ne a kansa, ina jiran in ga ya ɗan farfaɗo in rubuto miki abu mai daɗi. Bai farfaɗo ba.

Na je wurin limamin masallacin tasha. Ya ce rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma, shi ke nan ya fita, ya tafi gida. Na zo da murna na gaya wa Sabo, na ce in an sallame shi ko a kwance sai in ɗauki mota in kawo shi. Ya girgiza kai. Ya ce, "Na ƙona rumbu uku. Na kasa riƙe mace. Tunda nake ban taɓa fara abu na gama ba. Wannan ɗayan ku bar mini shi in ƙarasa." Na roƙe shi, Laminu ya roƙe shi, ya juya fuska bango.

Saura kwana tara. Ni dai ina ganin yadda numfashinsa yake, ina jin tsoro. Ban san abin da zan yi ba, ki faɗa mini.

Isufu.

*

Gidan Bawa, ranar Talata.

Ɗan'uwana Isufu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan surukinka, ka yi wa Nazifa gaisuwa. Waccan takardar tawa ka sa ta a wuta, kada ko tokarta ta rage.

Na karanta wa Inna taka duka, tun daga rumfa har kango, ban tsallake komai ba, har da abin da na sa ka yi. Na zaci za ta faɗi. Sai ta ce a miƙo mata mayafinta. Na ce Inna ina za ki? Ta ce, "Shi ya rantse ba zai zo ba. Mu wa ya rantsar da mu?"

Isufu, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Baffa Mahamadu da kansa ya ce zai ɗaura shanu a amalanke ya kai mu bakin hanya gobe da asuba, daga nan mu bi Mutari. Na ga yana share ido da hannun riga. Wani mai moto zai kawo maka wannan yau. Ka gaya wa Yaya muna tafe, ni da Inna. Kada ka ce masa ya yi kaffara, kada ka ce masa komai. Ka ce kawai ya jira mu.

Hinda.

*

Gidan Bawa, bayan sadakar bakwai.

Zuwa ga Isufu.

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri. Inna tana gaishe ka, ta ce Allah ya saka maka da alheri, kai da Nazifa, ɗawainiyar da kuka yi da mu ba ta faɗuwa. Jikinta da sauƙi, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Mutane suna ta zuwa gaisuwa, har waɗanda suka zage shi ranar gobarar. Ina amsawa, me zan ce, ni ma ina cikinsu.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne kwana ukun nan da suka samu. Ka ga yadda ta shafa fuskarsa tana lalube, ta sunkuya ta shinshina kansa ta ce, "Ai ba ka wari, Sabo." Ka ga yadda ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wannan dai Allah ya ba su. Ka kuma gode mini wa mutanen rumfa. Su suka ɗauki makara, su suka shiga kabari, alhali cikin danginsa kai kaɗai ne namiji a wurin. Na tafi ban iya kallon idon Laminu ba. Hanyar nan kuwa, mun bar Magariya da hantsi, kafin la'asar muna gida, har da tsayawa gyaran taya. Iyakar nisan ke nan, na yi shekara tara ban bi ta ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ranar ƙarshe, da ka tafi sallar la'asar, Inna ta ɗan gyangyaɗa a kan tabarma, saura ni da shi. Ya kamo bakin zanena ya ce, "Hinda, ki leƙa waje wurin Laminu, ki karɓo mini kara ɗaya." Murya can ƙasa. Ya ce ko bai kunna ba.

Ka san bakina. Ban tsaya tunani ba na ce, "Haba Yaya! Talatin da bakwai fa! Saura uku ka ɓata?" Har da ɗaga murya. Ya dube ni, ya saki zanen ya ce, "To, Hinda." Ya rufe ido. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Kafin magariba kai ma ka ga abin da ya faru.

Na san hayaƙin nan shi ya cinye masa ƙirji, lokotoro ya faɗa, ban musa ba. Na san kuma shi da bakinsa ya ce a bar shi ya ƙarasa. Wani lokaci in ce na taimake shi, ya tafi da zarensa bai tsinke ba. Wani lokaci kuma in ce mutum yana bakin tafiya ya roƙi ƙanwarsa abu ɗaya, ta yi masa tsawa. Ina daka abin yana raina, ina sallah yana raina. Inna ba ta sani ba, kuma ba zan iya gaya mata ba.

Don Allah ka je rumfa da safe ka tambayar mini Laminu, shi ya fi mu saninsa. Da gaske Yaya yake so, ko so yake ya ji wani ya hana shi? Duk abin da ya ce ka rubuto mini yadda yake, kada ka gyara.

'Yar'uwarka,
Hinda.